Ƙafar Khoat a Safiyar Tet

Shekara goma sha bakwai a jere, Khoat ne yake fara taka gidan Doan a safiyar Tet, ranar farko ta sabuwar shekara. Kuma ba gidan Doan kaɗai ba. Akwai shekarun da gidaje shida ko bakwai na ƙauyen suke layi a kansa, tun saura wata guda shekara ta ƙare ake zuwa da kwalbar giyar shinkafa ana roƙonsa. Mutum ne mai fara'a da faɗin goshi, bai taɓa kwana a asibiti ba, shinkafarsa ba ta taɓa ƙin yi ba, ɗansa kuma ya tashi da hankali. Irin wannan ƙafar ake so ta buɗe wa gida shekara. Yakan sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya shafa mai a gashi, ya bi gida gida yana zuba addu'a, a ba shi shayi da alewar citta, yara su yi ta leƙensa ta bayan labule.

Doan ƙanin matarsa ne. Ita matar, Luyen, ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Da aka gama zaman makoki Khoat ya koma kan aikinsa na taka gidaje, ba wanda ya ce komai. Sai bara. A wata na uku cuta ta shiga agwagin Doan, cikin kwana tara aka haƙa rami aka binne sama da dubu. A wata na shida ɗansu Bao ya faɗi a babur ya karye a cinya. Kafin ya ajiye sanda, iyayen yarinyar da zai aura suka maido da kayan baiko.

Matar Doan, Gam, tana sayar da kifi a kasuwar bakin gada. Bakinta ya fi wuƙar da take fere kifin kaifi, kowa ya san haka. Ita ce ta fara cewa ƙafar Yaya Khoat ta mutu tare da matarsa, sa'ar dama ta Luyen ce, shi aro yake yi. Ta faɗa wa mai sayar da ganye, mai ganye ta faɗa wa mai aski, kafin a girbe shinkafar kaka maganar ta zagaye ƙauyen ta dawo kunnen mai ita. Mutanen da suka saba tsayar da shi a hanya su tambayi lafiyarsa suka koma ɗaga masa hannu daga nesa. Watan ƙarshe ya kama, ya raba, ba ko mutum ɗaya da ya zo da kwalba.

Ran ashirin da shida ga wata Doan ya shigo. Ya tarar da Khoat zaune a tabarma a tsakar gida yana naɗe banh chung, ƙunshin shinkafar bikin, ga ganye a jibge, ga shinkafa mai danƙo a kwando, ga wake da naman alade a faranti. Surukarsa Thoa, matar ɗansa da ke aiki a Taiwan, tana gefe da cikinta na wata bakwai tana tsaga zaren gora.

Doan ya tsuguna ya ɗauki ganye ɗaya yana gogewa, alhali an riga an goge shi.

"Yaya, bana naɗin naka ya yi kyau. Kusurwa huɗu cif."

"Kullum haka yake yi. Faɗi abin da ya kawo ka."

"Dama uwar Bao ce ta je wurin mai duba. Ya ce shekarar haihuwarka ta Biri ba ta jituwa da ta Damisa da za mu shiga. Ba wani abu ba ne, lissafi ne kawai. Shi ne muka ce bana ka huta, mun yi wa Quyen mai siminti magana."

Khoat bai ɗago ba. Ya ja zaren ya ɗaure, ya murɗa, ya soke bakin.

"Shekara goma sha biyu da suka wuce, wace shekara ce?"

Doan ya ci gaba da goge ganyen. Khoat ya ba kansa amsa.

"Damisa ce. Ni na taka muku gida. A shekarar kuka ɗora bene. A lokacin mai duban naku yana ina, barci yake yi?"

"Yaya, ni ba na son tashin hankali."

"Ka taɓa son wani abu da matarka ba ta so ba? Tashi ka tafi, kada ta ga ka daɗe ta ce na shafa maka."

Da Doan ya fita Thoa ta ce, "Baba, ka rabu da su. Ai hutu suka ba ka. Ka yi barcinka har rana ta fito."

"Ke yarinya ce," in ji shi. "Ba ki san abin da suka ƙwace ba."

Abin da Thoa ba ta sani ba a lokacin, kuma ba wanda ya sani, shi ne maganar Gam ta riga ta shiga jikin tsohon. Kowace shekara shi yake taka gidansa da kansa: ya tafi haikalin ƙauye kafin shekara ta juya, ya dawo bayan ta juya da ɗan reshe mai ganye a hannu. Bana da ya dubi cikin Thoa sai gabansa ya faɗi. Jikansa na fari ne. Idan fa da gaskiya a bakin matar nan? Ya kwana biyu yana kokawa da tunanin, yana jin kunyar kansa. Ran ashirin da takwas ya hau keke ya tafi ƙauyen gaba wurin Malam Cau, tsohon malamin makaranta mai jikoki tara, ya roƙe shi ya zo da ƙarfe goma na safiyar Tet ya taka masa gida, amma kada ya gaya wa kowa. Malam Cau ya dube shi ta saman tabarau, bai tambayi dalili ba, ya ce zai zo.

Don haka daren juyawar shekara Khoat bai je haikali ba. Ya ajiye dafaffen zakara a teburin magabata, ya kunna turaren tsinke, ya kira iyayensa da Luyen su zo su ci Tet da su, ya kwanta.

Gari ya waye da yayyafi mai sanyi, irin wanda ba ya jiƙa mutum sai ya daɗe a ciki. Khoat ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya shafa mai a gashi. Ya ɗauki 'yar kujerar roba da lema da butar shayi.

"Ki sa sakata," ya ce wa Thoa. "Kada ki buɗe wa kowa sai Malam Cau. Ni ma kada ki buɗe mini sai ya shiga."

Ta dube shi, ta dubi kujerar. Ta gane abu biyu a lokaci guda, amma ɗaya kawai ta tambaya.

"Baba, ina za ka da kujera?"

"Gaisuwa."

Gidan Doan yana ƙarshen lungu, mai ƙofar ƙarfe koriya da ake ganin tsakar gida ta tsakanin sandunanta. An sa mata kwaɗo ta ciki. A bakin matakala an ajiye itacen lemo a babbar tukunya, 'ya'yansa jajir, an rataya masa jajayen takardu. Khoat ya dasa kujerarsa taku ɗaya daga ƙofar, ya zauna, ya buɗe lema, ya miƙe ƙafarsa ta dama har tsinin takalminsa ya kusa taɓa dokin ƙofa. Sannan ya yi gyaran murya.

Gam ce ta fara leƙowa, cikin doguwar riga ja, da janbaki. Da ta gan shi sai fuskarta ta canza, ta buɗe baki, ta rufe. Yau ɗaya ga wata. Wanda ya yi faɗa yau zai shekara yana faɗa, wanda ya yi zagi ya jawo wa gidansa. Ta haɗiye abin da ya taso mata, ta haɗa hannuwa, ta saki murmushin da bai wuce haƙoranta ba.

"Yaya ne da sassafe haka? Barka da sabuwar shekara. Lafiya da tsawon rai."

"Barka dai, uwar Bao. Shekara ta zo muku da alheri. Agwagi su yi ta haihuwa, kada ko ɗaya ta yi tari."

"Mun gode, Yaya. Ga sanyi kuwa. Ai gida ya fi wa tsoho."

"Nan ma daɗi. Ba shiga zan yi ba, kada ki damu. Hanya ce ta kowa. Sai dai ƙafar nan tawa, kin san tsufa, wani lokaci sai ta zame ba da sanina ba."

Ya motsa takalmin kaɗan. Idon Gam ya bi shi. Ƙarƙashin ƙofar akwai rata da ta isa ƙafa ta shige.

Doan ya fito yana gyara wuyan riga, ya tsaya bayan matarsa. Bao yana bene yana leƙe, da waya a hannu.

"Yaya, don girman ranar nan," in ji Doan.

"Me na yi? Na zo in ga yadda ƙafar arziki take shiga gida ne, in koya. Ƙarfe nawa ya ce zai zo?"

"Bakwai."

Khoat ya duba agogonsa a hankali, ya kai shi kunne, ya sake dubawa. "To nawa ne ya lalace. Yana nuna takwas saura kwata."

Ya zuba shayi a murfin buta ya kurɓa. Maƙwabta da aka riga aka taka musu gida suka fara fitowa cikin sababbin kaya za su gidajen dangi. Duk wanda ya zo wucewa sai ya rage tafiya. Khoat yana gaishe su ɗaya bayan ɗaya da suna, da ƙarfi, har waɗanda suka daina tsayawa su gaishe shi. Ba mai iya share shi yau. Suka riƙa amsawa suna sunkuyar da kai, wasu suna danne dariya, suna satar kallon iyalin da ke tsaye bayan sandunan ƙarfe kamar kaji a akurki.

Ƙarfe takwas da rabi Doan ya kira Quyen a waya sau uku ba a ɗauka ba. Abincin safe da aka jera ya huce. 'Yar'uwar Gam ta zo da mijinta da yara biyu, aka ce su yi haƙuri su zagaya su dawo. Ta tafi tana waiwayen Khoat.

"Kin ga illar ƙafa mai kasuwa," ya ce wa Gam. "Gida nawa ya karɓa bana? Biyar na ji, ko shida. Kowane gida kuma sai an cika masa kofi. Ni a zamanina leɓe kawai nake jiƙawa."

"Zamaninka ya yi kyau, Yaya."

"Ya yi. Har bene ya haifa."

Gam ta matso daf da ƙofa ta riƙe sanda ɗaya. Ta sassauta murya, murmushin yana nan.

"Yaya, jiya ban gan ka a haikali ba. Da yamma na je na kai furanni, mai gadi ya ce har ya ajiye maka reshenka kamar kullum. Ɗazu kuma na ji matarsa tana faɗa a lungu wai ba ka zo ka ɗauka ba. Lafiya dai?"

Khoat ya ji kamar an zuba masa ruwan tafki a baya. Ya kurɓi shayi don ya sami abin yi.

"Gwiwa ce ta dame ni."

"Ayya. Gwiwar da ta kawo ka nan da kujera." Ta tsura masa ido, kai a karkace, kamar yadda take kallon kifi ta gane na jiya ne. "To wa ya taka maka naka gidan?"

"Ba ruwanki da gidana."

"Haka ne. Kai ma ba ruwanka da namu, ga ka nan kuwa."

Ta juya ta shige ciki, rigarta tana jan ruwa a ƙasa. Khoat ya ɗauka ya ci nasara. Ya miƙe ɗaya ƙafar ma, ya jingina, ya fara yi wa Doan tambayoyi kan cinyar Bao da ko an sami wata yarinyar. Doan ya zauna a matakala ya dafe kai.

Sai wajen tara da rabi aka ji ƙarar babur. Quyen ne, ƙato mai jan fuska, da taye a karkace da jar ambulan ta tukuici tana leƙe daga aljihu. Ya tsayar da babur ɗin, ya manta bai sa masa ƙafa ba, ya sauka, babur ya kwanta a kwata. Bai ko waiwaya ba. Doan ya ruga ya buɗe kwaɗo.

"Arziki," in ji Quyen, yana ɗaga hannu sama. "Arziki ya shigo kamar ruwan kogi, ya fita kamar... ya fita kamar..." Ya rasa ƙarshen. Ya ɗaga ƙafa zai tsallaka dokin ƙofa, ya yi tuntuɓe, ya tafi da gudu taku uku ya rungume itacen lemo. Tukunyar ta kife ta rabe biyu. 'Ya'yan lemo suka watsu a tsakar gida suna gangarawa har ƙarƙashin kujerar Khoat.

Fashewar abu a ranar farko. Ba alamar da ta fi ta muni. Bao ya janye kansa daga bene. Quyen yana zaune cikin ƙasar tukunya yana dariya yana cewa ba komai, ba komai.

Khoat ya tashi a natse. Ya sunkuya ya tsinci lemo ɗaya, ya goge a kwat ɗinsa, ya miƙa wa Doan ta saman dokin ƙofa ba tare da ya tsallaka ba.

"Ga arzikinku yana gudu, ka tare. Ka gaida uwar Bao. Ka ce mata na ga ƙafa."

Ya naɗe lema, ya rataya kujera a hannu. Rabon da ya ji jikinsa sakayau haka tun kafin agwagin su mutu. A hanya har yana 'yar waƙa a maƙogwaro. Bai tsaya ya tambayi kansa me ya sa Gam ba ta fito ba da tukunya ta fashe.

Ya yi niyyar ya tsaya a bakin lungunsu ya jira Malam Cau. Daga nan ya hango ƙofar gidansa a buɗe. Ya duba agogo, goma saura minti goma. Ya ce a ransa malamin ya yi sammako. Ya ƙarasa. A kan matakala, inda ya zaci zai ga baƙin takalmin tsoho, sai ya ga takalmin mace mai tsini, ja, duk taɓon bakin tafki ya ɓata shi. Gidan Doan yana da ƙaramar ƙofa ta baya da ke fita kan gaɓar tafkin agwagi.

Gam tana zaune a kujerar baƙi, ƙafa ɗaya kan ɗaya, tana ɓare 'ya'yan kankana da haƙori. A teburin magabata, gaban hoton Luyen, sababbin tsinken turare uku suna hayaƙi. Thoa tana tsaye jikin bango riƙe da butar shayi, fuskarta ba jini.

"Baba, ta yi ta kira," ta ce. "Ta ce ta zo gaida Mama ne. Mutane suna kallo. Ban san yadda zan hana babba shiga ba a rana irin ta yau."

"Kada ka ga laifin yarinya, Yaya," in ji Gam. "Tarbiyya gare ta. Na ga kai ka tafi yi mana hidima ka bar gidanka ba kowa, na ce bai kamata ba. Shekara goma sha bakwai kana taka mana, ai ya dace mu rama ko sau ɗaya." Ta tofar da ɓawo a tafin hannu. "Na yi wa 'yar nan addu'a ta sauka lafiya. Ka san ni dai ba a taɓa gayyatata taka gida ba. Wai ruhina nauyi gare shi. Bara ma duk abin da na taɓa sai ya lalace. Amma kai da ba ka yarda ƙafa tana kawo tsiya ba, na san ba za ka damu ba."

Khoat ya ajiye kujerar roba. Ya dubi cikin Thoa. Ya dubi sawun ƙafar Gam, jiƙaƙƙe, a kan tayil tun daga bakin ƙofa har gaban teburin magabata. Duk dabarar da ya yi amfani da ita da safen nan, ta zagi cikin addu'a, ta gudu ta bar shi. Abin da ya rage a bakinsa ɗanye ne.

"Fita," ya ce.

"Shayin ma ban shanye ba."

"Fita daga gidana, mai farar ƙafa. Annoba. Ke kika kashe agwagin mijinki da ƙazantarki, ke kika kori yarinyar da bakinki, kowa ya sani, tsoronki ake ji shi ya sa ba a faɗa. Luyen ma har ta mutu ba ta ƙaunar ganinki."

Murmushin Gam ya ɗauke. Ta miƙe a hankali.

"Luyen? Ni na yi mata wanka wata huɗu tana kwance, kai kana yawon ɗaurin aure ana zaunar da kai a kujerar gaba. Tambayi hotonta ga shi nan. Kuma ka ji da kyau, kai ka fara zagi yau, a gidanka, a gaban magabatanka. Ni ban ce komai ba."

Ta bi ta gabansa ta fita, ta zauna a matakala tana sa takalmi ba gaggawa. Khoat ya juya ya ga tsintsiyar da Thoa ta ɓoye bayan ƙofa tun jiya, don kwana uku ba a shara, kada a share arzikin gida. Bai san lokacin da ya fizge ta ba. Ya fara share sawun Gam, daga gaban tebur zuwa ƙofa, da ƙarfi, ɓawon kankana da jajayen furannin da suka zubo daga reshen ado da tokar turare duk yana turawa waje, har kan rigar Gam.

"Baba, ka daina," in ji Thoa. "Baba, waje kake sharewa."

Bai ji ba. Sai da ta ajiye buta ta zo ta riƙe tsintsiyar da hannu biyu, cikinta yana taɓa sandar, sannan ya tsaya yana haki. Hawaye yana zubo mata, tana ƙoƙarin mayar da shi don kuka ma ba a yi yau.

A bakin ƙofar waje mutane sun taru. A tsakiyarsu ga Malam Cau da baƙin kwat, riƙe da kekensa, da 'yar takardar addu'a da ya rubuto da jan tawada. Gam ta karkaɗe rigarta, ta tsaya gabansa ta rusuna.

"Malam, barka da shekara. Ashe kai aka ɗauko daga nesa. Ka yi haƙuri an riga ka." Ta juya ga jama'a. "Kun gani ko? Ƙafar da ya yi fushi mun ƙi, shi ma bai yarda ta taka gidansa ba."

Ta ratsa su ta wuce. Malam Cau ya naɗe takardarsa ya mayar aljihu, ya ɗaga wa Khoat hannu daga inda yake, ya juya kekensa.

Ranar ba wanda ya ƙara shigowa. Khoat ya zauna a gefen gado da kwat ɗinsa har la'asar. Thoa ta yanka banh chung da zare ta kawo masa, ya ci loma biyu ya ture. Da ɗansa ya kira daga Taiwan, Thoa ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa, Khoat yana jin muryarta ƙasa ƙasa, ta daɗe. Da ta fito ta miƙa masa wayar ya ce ta gaya masa yana barci.

Washegari ranar ziyartar dangin uwa da surukai ce. Tun da ya auri Luyen, shekara arba'in da ɗaya, bai taɓa fashin zuwa kunna turare gaban iyayenta a gidan Doan ba. Bana bai je ba. Thoa ta shirya kwandon kyauta ta tafi ita kaɗai, tana tafiya tana dafa ƙugu. Ta dawo da kwandon yadda ta kai shi. Inna Gam ta karɓe ta da fara'a, ta ba ta shayi, ta ce kayan ta mayar wa mai su.

Watanni biyun da suka biyo baya Khoat bai yi barci mai nauyi ba. Idan Thoa ta yi tari sai ya miƙe. Ya hana ta zuwa bakin tafki, ya hana ta hawa babur, ya je haikali sau uku a ɓoye ya sa aka yi wa gidan addu'a. Ranar da kaza ta mutu a akurki ya tsaya a kanta ya fi minti goma. A gidan Doan kuma an sayo sababbin agwagi ɗari uku, ba su mutu ba, ba su kuma yi wani abin kirki ba.

Thoa ta haihu a farkon wata na uku, mace, ƙarama amma lafiyayya, da kuka kamar na mage. Doan ya zo da kaji biyu ya tsaya a bakin ƙofar waje. Khoat yana zaune a tsakar gida yana gyaran raga. Suka dubi juna. Doan yana jira a ce ya shigo, Khoat ya ci gaba da ɗinkinsa. Daga baya Doan ya ɗaure kajin a jikin ƙofa ya tafi. Thoa ce ta fito ta kwance su.

Da jaririyar ta yi wata guda iyayen Thoa suka zo suka tafi da ita da 'yar don ta huta, kamar yadda aka saba. Wata ɗaya ake yi. Ta yi uku, sannan ta aiko cewa mijinta ya ce ta zauna can har ya dawo.

A wata na takwas ranar tunawa da rasuwar Luyen ta zagayo. Khoat ya tashi da asuba ya dafa abinci na mutum goma sha biyu kamar kowace shekara, ya jera a tabarma biyu. Thoa ta zo da 'yar a goye, ta taya shi. Suka jira har rana ta take. Wani maƙwabci da ya zo wucewa ya gaya musu cewa Doan ya sa hoton yayarsa a nasa teburin, dangi duk suna can, Gam ta dafa kifi.

Khoat ya kunna turare, ya kafa shi gaban hoton Luyen. Sannan ya zauna, shi da Thoa, a gefen tabarma ɗaya. Ta zuba masa shinkafa. Suka ci abin da za su iya ci, sauran ta juye a robobi ta ce za ta bi maƙwabta da shi kafin motar ƙarfe huɗu ta tashi.